Minti goma sha biyu a kan taswira: nazarin wani atisayen ƙananan hafsoshi a Jos

Atisayen tebur ne, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. An yi shi a wani zauren horaswa a Jos cikin hunturu, ga ƙananan hafsoshin soja masu anini ɗaya da masu biyu, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga makaranta ba. Wani Laftanar-Kanar ne ya tsara shi, ya nemi ni, malamin kwamfuta farar hula, in taimaka wajen haɗa manhajar da za a sa musu a gaba. Abin da yake son sani ɗaya ne: idan na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta nuna wa matashin hafsa taron mutane, ta ce masa mahara ne, yaya zai yi da maganarta? Na sakaya sunayen mutanen da na wurin, don ba su ne abin dubawa ba.

Abin da ya jawo atisayen

Abubuwa biyu da suka faru cikin wata guda ne suka hana Kanar sakat. Daren 3 ga Disamba 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu. Rundunar ta amsa cewa kuskure ne, an ɗauki taron a matsayin na 'yan bindiga. Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, Laftanar-Janar Taoreed Lagbaja, ya taka da ƙafarsa har ƙauyen ya ba da haƙuri, kuma a watan Mayun 2024 hedkwatar tsaro ta sanar cewa mutum biyu za su gurfana gaban kotun soja. Mako uku bayan Tudun Biri, a jajibirin Kirsimeti, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama a Bokkos da Barikin Ladi a nan Filato, suka kashe fiye da mutum 140. Kukan waɗanda suka tsira shi ne an yi ta kira, agaji bai zo a kan lokaci ba.

Can gaggawa ce ta yi ɓarna, nan kuma jinkiri. Ba wanda ya ce manhaja ce ta yanke hukunci a Tudun Biri. Mutane ne suka kalli hoto daga sama suka fassara shi. Amma masu tallar sabbin manhajojin tsaro alkawarinsu ke nan, wai za su magance cutukan nan biyu a lokaci guda: za a ga mahara da wuri, kuma ba za a sake ɗaukar masu Mauludi a matsayin 'yan bindiga ba. Kanar bai ƙaryata su ba. Cewa ya yi, komai kyan na'urar, hannun yaron da ke gadi ƙarfe biyun dare za ta faɗa, shi ya sa yaron yake son ya gwada.

Yadda aka kafa tarkon

Manhajar da muka haɗa ƙarama ce, ta koyarwa, ba wadda ake aiki da ita a fagen daga ba. Tana karɓar abubuwa uku: hoton kyamara mai ganin zafin jiki daga jirgi maras matuƙi, alamun wayoyin salula da ke kunne a yanki, da tarin tsofaffin rahotannin hare-hare da muka ƙirƙira bisa kamannin waɗanda ake gani a jaridu. Sai ta zana da'ira a kan taswira ta sa lamba, daga sifili zuwa ɗari, mai nuna girman barazana. Ja ga babba, rawaya ga matsakaici.

Labarin da aka ba hafsoshin shi ne: kai ne mai kula da ɗakin aiki na wani sansani kudu da Jos. Kwamandanka ya tafi taro, layinsa ba ya shiga sosai. Kana da motar sintiri biyu da mutum goma sha shida, kana kuma iya roƙon a kawo hari ta sama. Ƙarfe 1:40 na dare, allo ya nuna wurare biyu.

Wuri na farko ja ne jawur, lamba 87. Babura kusan talatin a gefen wani kwari, mutane wajen sittin, wasu na saɓe da dogayen abubuwa a kafaɗa, wayoyi da yawa a kunne, ga wani abu mai zafi ƙwarai a tsakiya. Nisan kilomita uku ne daga wani ƙauye da aka taɓa kai wa hari.

Wuri na biyu rawaya, lamba 41. Mutum tara a ƙasa, ba babur, ba waya ko ɗaya a kunne, suna bin gefen rafi tsakanin duwatsu, suna ɓacewa suna bayyana. Gabansu akwai wani ƙauyen.

An ba kowane rukuni minti goma sha biyu. A ɗaki na kusa an zaunar da wani tsohon Samanja mai ritaya, haifaffen Bukuru, da waya a gabansa, yana wasan mutumin gari. Lambarsa na cikin jerin lambobin da aka manna a bangon kowane rukuni. Ba a ce a kira shi ba, ba a kuma hana ba.

Gaskiyar da muka ɓoye ita ce: taron farko masu haƙar kuza ne. Baburan na 'yan acaɓa ne masu jiran ɗaukar kaya, dogayen abubuwan shebur ne da diga da bututu, abu mai zafin kuma injin jan ruwa ne daga rami. Mutum taran nan su ne maharan.

Abin da suka yi

Rukuni huɗu ne. Biyu daga ciki sun roƙi hari ta sama kan wuri na farko, ɗaya cikin minti huɗu, ɗaya cikin shida. Na tsaya bayan na farkon ina saurare. Ba yara ne masu sakaci ba. Sun ƙirga babura, sun auna nisa zuwa ƙauye, sun lissafa cewa motar sintiri za ta ci minti hamsin a wannan hanya, maharan kuma minti goma ya ishe su. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya, “To ɗaya wurin fa?” Shugaban rukunin ya kalli allo ya ce, “Arba'in da ɗaya ne, bar shi tukuna.” Daga nan ba a sake maganarsa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jirgin na sama, ana iya saukar da shi ƙasa kaɗan a ƙara duba abin da ke kafaɗun mutanen, maɓallin na gabansu, ba wanda ya taɓa shi. Lambar ta riga ta amsa tambayar kafin su yi ta.

Rukuni na uku sun ƙi yarda da na'urar gaba ɗaya. Shugabansu ya ce shi ba zai kashe mutane a kan maganar kwamfuta ba, wanda magana ce mai kyan ji, sai dai abin da ya biyo bayanta shi ne ya kashe minti goma sha biyun yana neman kwamanda a layin da aka riga aka gaya masa ba ya shiga. Bai tura kowa ko'ina ba.

Rukuni na huɗu wata Laftanar ce ke jagoranta. (Tun 2011 makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin mayaƙa na yau da kullum, don haka ganin mace a wannan kujera ya daina zama labari.) Abu na farko da ta yi shi ne ta danna kan lambar 87 ɗin, don ta ga da me aka gina ta. Manhajar na nuna wannan ga duk wanda ya nema, ita kaɗai ce ta nema. Sai ta ga kusan dukan nauyin ya fito daga abu uku: yawan babura, tsakiyar dare, da kusancin wurin da inda aka taɓa kai hari. Ba abin da ya ce an ga bindiga. Ta ɗauki waya.

“Baba, barka da dare, a gafarce ni na tashe ka. Kwarin nan da ke yamma da ku, me ake yi a wurin?”

“Ranki ya daɗe, ai ramukan kuza ne. Yara na can kullum dare.”

“Da dare, Baba?”

“To 'yata, da rana ai kama su ake yi. Kuma ruwa na cika ramin, sai an kwana ana ja.”

“Gefen rafi ta gabas fa, akwai mai bi ta nan a wannan lokaci?”

Samanja ya ɗan yi shiru, kamar yadda aka tsara masa, sannan ya ce, “Ba mai bin nan da dare sai wanda ba ya son a gan shi.”

Ta juya jirgin zuwa rafi, ta tura motocin biyu zuwa ƙauye na biyu, ta sa a buga wa mai garin. Amma sai a minti na goma sha ɗaya ta ba da umarnin, domin bayan wayar ta sake komawa kan hoton farko tana ta dubawa, ta kasa sakin jar da'irar. Bisa lissafin atisayen, maharan sun riga motocinta isa, sun ƙona gidaje huɗu sun kashe mutum uku kafin su gudu. Ba wanda ya fita daga zauren nan da hannu mai tsabta.

Zaman bita

Turanci ne harshen aiki, amma da muhawara ta ɗau zafi sai aka koma Hausar bariki. Kanar ya sa aka nuna hoton rana na kwarin: ramuka, tulin jar ƙasa, injin, mata na wanke kuza a kwanuka. Zauren ya yi tsit. Shugaban rukuni na farko ya miƙe.

“Yallaɓai, da izininka. Na'urar ce ta ce 87. Da na ƙi bi, suka zama mahara, suka shiga ƙauye, me zan ce a rahoto? In ce na'ura ta faɗa mini na ƙi?”

“Zauna, Laftanar. Yanzu da ka bi, me za ka ce wa iyayen mutum sittin? Na'ura ta faɗa maka ka yarda?”

“Yallaɓai, aƙalla ina da hujja a rubuce.”

A ganina nan ne lamarin yake, kuma yaron gaskiya ya faɗa. Bai bi lambar don ya yi imani da ita ba, ya bi ta ne don tana kare shi. Tun ranar da ya shiga makaranta aka koya masa cewa wanda ya bi umarni yana da mafaka, wanda ya bi ra'ayinsa shi kaɗai zai tsaya gaban kwamitin bincike. Allon ya zo masa da siffar na gaba da shi: ba ya inda-inda, yana magana da lamba, kuma yana barin shaida. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin cewa mutum na karkata ga abin da na'ura ta ce ko da idonsa na ganin saɓaninsa, an gani wurin matuƙa jirgi da likitoci. A soja sai abin ya haɗu da tarbiyyar biyayya, ya ninka.

Kanar ya kawo musu misalai daga tarihi, kuma da gangan ya zaɓi masu karo da juna. A watan Satumba 1983 na'urar gargaɗi ta Tarayyar Soviet ta nuna Amurka ta harbo makamai masu linzami. Hafsan da ke gadi, Laftanar-Kanar Stanislav Petrov, ya ƙi yarda, ya ce wanda zai fara yaƙin nukiliya ba zai fara da makamai biyar ba, ya kai rahoton cewa kuskuren na'ura ne. Haka ya kasance, hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan Adam. A yaƙin Iraƙi na 2003 kuwa, na'urar kakkaɓo makamai ta Amurka mai suna Patriot ta ɗauki jirgin yaƙin ƙawarta Birtaniya a matsayin makami mai linzami, masu kula da ita suka amince, matuƙa biyu suka mutu. Rukuni na uku sun fara gyaɗa kai, suna ganin an wanke su. Sai ya ɗauko na 1988: jirgin ruwan yaƙin Amurka Vincennes ya harbo jirgin fasinja na Iran, mutum 290 suka hallaka. Bincike ya nuna na'urar jirgin ruwan ta rubuta daidai, jirgin fasinjan hawa sama yake yi, mutanen da ke cikin firgici ne suka ba da rahoton yana gangarowa kansu. Ya dubi shugaban rukuni na uku ya ce, “Ƙin sauraren na'ura ba jarumta ba ce, Laftanar. Na'urar ta nuna maka mutum tara a bakin rafi. Da ba ita, da ba ka san da su ba sam.”

Me 87 take nufi

Wannan ɓangaren nawa ne, kuma shi ne na ga sun fi buƙata. Da na tambayi zauren ma'anar 87, kusan kowa ya ce: kashi 87 cikin ɗari mahara ne. Ba haka ba ne. Lambar na nufin wannan taro ya yi kama da tarukan da aka rubuta a tsofaffin rahotanni, shi ke nan. Kama da zama abu biyu ne.

Na yi musu lissafi a allo. A ce manhaja ta duba taron dare dubu ɗaya a cikin shekara, goma ne kaɗai na mahara. A ce tana da kyau, tana kama tara cikin goman nan, kuma tana kuskure a kan biyar kacal cikin kowane ɗari na sauran. Biyar cikin ɗari na 990 kusan hamsin ne. To jajayen da'irori 59 za ta nuna, tara ne kawai na gaske. Duk sanda allo ya yi ja, ya fi yiwuwa biki ne, ko zaman makoki, ko kwanan addu'a a coci, ko masu lodin dankalin turawa zuwa kasuwar Mangu, ko 'yan kuza. Manhajar ba ta lalace ba, haka lissafin abu mai wuyar aukuwa yake. Wani daga baya ya ce, “Malam, ashe ja ba ta nufin harba, tana nufin duba.” Na ce ya rubuta wannan da babban baƙi.

Sai batun abin da aka ciyar da ita. Rahoton hari yana taruwa ne inda akwai hanya, akwai sabis, akwai jami'in da zai rubuta. Ƙauyen da ke bayan dutse, da ba a zuwa sai an kwana biyu, ana iya kai masa hari sau uku rahoto ɗaya ya fito. Manhaja za ta koyi cewa haɗari na bakin titi. Kuma tana ganin mai hayaniya ne: babur na da zafi, waya na da alama. Wanda ya san ana kallonsa daga sama zai ajiye babur ya kashe waya, kamar mutum taran nan, ya bar talaka mai neman abinci yana haskawa a allo. Masu ɗauke da makamai ba sa barci a kan wannan. A arewa maso gabas 'yan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, da kansu sun fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa irin na kasuwa.

Idan aka ƙara mata sauraren murya, matsalar ta ƙaru a jiha kamar Filato. Manhajojin da ke mayar da magana rubutu sun fi jin Turanci, suna ɗan taɓa Hausa, amma Berom da Ron da Mwaghavul da Irigwe da Fulfulde kusan ba su da rabo a ciki. Wanda na'ura ke jin harshensa shi zai cika rumbunta, wanda ba ta ji kuma ko dai ya ɓace ko a sa masa alamar tambaya. A wurin da kowane ɓangare ke zargin jami'an tsaro da son kai, na'ura mai kunne ɗaya za ta zuba wa wuta fetur ba tare da wani ya yi niyya ba.

Akwai kuma abin da babu rahoton da zai koya mata. An fi shekara ɗari ana haƙar kuza a wannan tudu, tun farkon zuwan Turawa. A farkon 2025 gwamnatin jihar ta dakatar da haƙar ma'adinai na wani lokaci saboda tsaro. Mai haƙa ba bisa ƙa'ida ba zai yi aiki da dare, kuma da ya ji ƙarar jirgi zai ruga. Daga sama gudun nan ya yi kama da na mai laifi, kuma wataƙila mai laifin ne, amma laifin da ake kai mutum kotu a kai, ba wanda ake jefa masa bam ba. Tsohon Samanja ya san wannan ba tare da ya buɗe kwamfuta ba.

Doka ba ta san manhaja ba

Najeriya ta shiga ƙarin yarjejeniyar Geneva ta 1977 kan dokokin yaƙi tun 1988. Sashe na 57 na yarjejeniyar ya ɗora wa mai shirya hari ya yi duk abin da zai yiwu don tabbatar da cewa abin da zai kai wa hari ba farar hula ba ne, ya kuma janye idan ya bayyana haka. Dokar rikicin cikin gida da ƙa'idojin aikin soja a tsakanin jama'a ba su fi wannan sauƙi ba. Kanar ya tambayi rukunoni biyun farko: waya na bango, maɓallin saukar da jirgi na gabanku, saura minti shida ko takwas, kun yi duk abin da zai yiwu? Ba a gurfanar da manhaja a kotun soja. Mai sa hannu ake kira.

Duniya ma ba ta gama daidaitawa a kai ba. An yi taron ƙasashe kan amfani da ƙirƙirarriyar basira a aikin soja a birnin Hague a Fabrairun 2023, aka sake a Seoul a Satumban 2024, kuma a Disamban 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri kan makamai masu sarrafa kansu da ƙuri'a 152. Maganar da ake ta nanatawa ita ce hukunci ya zauna a hannun mutum. Atisayen nan ya nuna mini raunin wannan magana. A rukunoni biyun farko mutum ne ya danna, amma ba shi ya yanke ba. Amurka da duk kayan aikinta, a Kabul ranar 29 ga Agusta 2021, ta bi wata mota na sa'o'i daga sama, mutane na kallo, ta kashe fararen hula goma har da yara bakwai, daga baya aka gane ma'aikacin agaji ne kuma jarkokin ruwa ne a motar.

Inda horon ya kamata ya shiga

Hanyar hafsa a Najeriya sananniya ce. Makarantar Kaduna da aka kafa a 1964 take fitar da shi, ya je kwalejin Jaji a tsakiyar aikinsa, idan ya yi nisa ya je kwalejin tsaro ta Abuja ko cibiyar Kuru da ke nan kusa da mu. Yaron da ya shiga Kaduna bana zai riƙe bataliya ne a shekarun 2040. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu na ganin maganin shi ne a koya wa kowane ɗalibi rubuta manhaja. Ban yarda ba, duk da cewa sana'ata ce. Ana buƙatar wasu kaɗan masu zurfi a wannan, musamman waɗanda za su zauna a Abuja su duba kwangila, tunda jiragenmu marasa matuƙa yawanci daga Sin da Turkiyya suke zuwa, ban da na gida irin Tsaigumi da sojan sama suka ƙaddamar a 2018, kuma dole wani ya iya tambayar mai sayarwa a kan hotunan wace ƙasa aka horar da idon na'urar. Amma laftanar mai gadi ba injiniya muke nema ya zama ba. Laftanar ɗin nan da ta fi kowa kusantar daidai tarihi ta karanta. Abin da ta yi shi ne abin da hafsa nagari ke yi wa duk mai kawo masa labarin sirri: wa ya gaya maka, da idonka ka gani, me ba ka gani ba, wa kuma zan tambaya. Ta ɗauki manhajar a matsayin mai tsegumi ɗaya cikin masu tsegumi, mai kaifin ido, baƙo a garin.

Abin da aka sauya

A zagaye na gaba mun ɓoye lambar. Hafsa zai fara kallon hoto ya rubuta nasa ƙiyasin da dalilinsa cikin layi biyu, sannan lambar ta fito. Roƙon hari cikin gaggawa ya ragu, kiran waya ya ƙaru. Mun cire launin ja, muka sa duk da'irorin launi ɗaya. Kanar ya kuma nace a yi zagayen da na'ura ce ke da gaskiya, Samanja kuma ya ba da labarin ƙarya don yana kare 'yan garinsu, kada yaran su fita da darasin cewa mutumin gari ba ya kuskure. A wannan zagaye Laftanar ɗin ta faɗi warwas: ta yarda da Baba, ta ƙyale jar da'ira ta gaske. Samanja ya same ta a wajen shan shayi ya ce, “'Yata, ni ma ai sai ki bincike ni.”

Abin da ba mu iya sauyawa ba shi ne takardar ba da maki. Tana da gurbin saurin yanke shawara, gurbin amfani da kayan aiki, gurbin bayyana umarni a fili. Bisa wannan takarda, shugaban rukuni na farko, wanda ya hallaka mutum sittin a kan taswira cikin minti huɗu, shi ya zo na ɗaya a zagayen farko, Laftanar ɗin ta zo ta uku saboda jinkiri. Babu gurbin harin da aka fasa da dalili, babu na tambayar da aka yi wa na'ura. Kanar ya cike takardar yadda take, domin ba shi da ikon canza ta, ya haɗa da wasiƙa zuwa ga na sama da shi yana neman a ƙara gurabe biyun, ya liƙa hoton kwarin na dare da na rana a bayanta. Har aka rufe kwas ɗin amsa ba ta zo ba, kuma makin da ke takardar shi ya shiga fayil ɗin kowannensu.